Kwana Huɗu a Bakin Tafkin Stora Le

Ranar Laraba da daddare Yaya ya ture teburin cin abinci gefe guda, ya baje kaya a tsakar ɗaki: tanti biyu a naɗe, jakunkunan barci, shimfiɗun roba, tukwane masu shiga cikin juna, fitilar ɗaurawa a goshi, wuƙa, da ashana a cikin gwangwani mai murfi. Ya ce, "Gobe da safe za mu daji, sai Litinin in Allah Ya kai mu." Kwanana tara ke nan a birnin Göteborg na ƙasar Suwidin, kuma tun ranar da na sauka yake ambaton wannan tafiya, amma sai da na ga kayan a ƙasa na yarda da gaske yake.

Yaya ba ɗan'uwana ba ne na jini. Ya girme ni da shekara shida, mun san juna tun muna makaranta, karatu ya kai shi Suwidin, aiki ya riƙe shi. Shi ya cike mini takardar gayyata, ni kuma na sayi inshorar tafiya da ta kai Yuro 30,000 kamar yadda ƙa'idar bizar ƙasashen Turai ta Schengen ta tanada, aka buga mini biza. Ya zaɓi watan Yuli ne saboda dokar ƙasar ta ba ma'aikaci hutun kwana 25 a shekara, tare da haƙƙin ya ɗauki mako huɗu a jere tsakanin Yuni da Agusta. Shi ya sa da bazara za ka tarar ofisoshi sun yi tsit, kowa ya nufi bakin ruwa.

Tambayata ta farko a wannan daren ita ce, "Yaya, dajin na wane ne? Wa ya ba mu izinin kwana a ciki?" Ya yi murmushi ya ce in bari sai gobe, akwai wanda ya fi shi iya bayani.

Kafin mu kwanta ya sa na kafa tanti a filin bayan gidan, na warware, na sake kafawa. Ya ce wanda bai taɓa kafa tanti da rana a kan ciyawa mai laushi ba, kada ya fara koyo a kan dutse ruwa na zuba. Ya kuma zazzage jakata ya fitar da wandon jins biyu da rigunan auduga, ya ce auduga in ta jiƙe ba ta bushewa, sai ta riƙe sanyi a jiki. Ya ba ni rigar ulu, da rigar ruwan sama, da safa mai kauri wadda ya ce ta barci ce kawai, kada ta taɓa fita daga cikin jakar barci. Na gaya masa ƙarara ban iya iyo sosai ba. Ya ce gara da na faɗa tun yanzu, zai sanar da sauran.

Mu biyar muka haɗu a tashar jirgin ƙasa. Akwai wani abokin Yaya ɗan Siriya mai aikin haɗa magunguna, akwai kuma abokin aikinsa ɗan ƙasar, mai shekara sittin da wani abu, tare da jikansa ɗan shekara goma sha ɗaya. Mutanen Suwidin tun ƙarshen shekarun 1960 suka daina kiran juna da laƙabi, yaro ma sunan malaminsa yake kira. Ni dai bakina ya kasa kiran mai furfura da sunansa gatsau, don haka ni da Yaya muka riƙa ce masa Dattijo. Da ya tambayi ma'anarsa aka fassara masa, ya ce ya karɓa.

A jirgin da ke zuwa Oslo, bayan mun wuce Trollhättan, Dattijo ya amsa tambayata. Sunan abin allemansrätten, wato haƙƙin kowa da kowa. Kowane mutum, ɗan ƙasa ko baƙo, yana da damar ya bi ta daji da ƙafa, ya shiga tafki da kwale-kwale, ya yi wanka, ya tsinki 'ya'yan itatuwan daji, ya kafa tanti dare ɗaya ko biyu, ko da filin mallakar wani ne, ba sai ya nemi izini ba. Tsohuwar al'ada ce, kuma tun 1994 aka ambace ta a kundin tsarin mulkin ƙasar. Sharaɗinta kalmomi huɗu ne da kowane yaro ya haddace: inte störa, inte förstöra, kada ka dami kowa, kada ka ɓata komai. Ba a kusantar gidan mutane har su gan ka ko su ji ka daga tagarsu. Ba a taka gona ko dashen itatuwa. Ba a saran itace mai rai, ko reshe ɗaya. Ƙofar shinge da ka buɗe sai ka rufe. Gandun daji na gwamnati kuwa kowanne da nasa dokokin, sai an karanta allon bakin shiga. Na ce, "To wa yake tsaron wannan duka?" Ya nuna ni da yatsa, ya nuna kansa, ya nuna jikan.

Mun sauka a Ed, ƙaramin gari a lardin Dalsland, dab da iyakar Norwe. Daga nan tafkin Stora Le ya miƙe arewa, siriri, mai zurfi, tsakanin duwatsu da itatuwa. Idan an haɗa da Foxen da ke manne da shi, ya kusa kilomita 70 har Töcksfors, kuma wani ɓangarensa ya leƙa cikin Norwe. Tafkunan yankin a haɗe suke da juna ta mashigin ruwan Dalsland da injiniya Nils Ericson ya tsara, aka buɗe a 1868 don jigilar ƙarfe da katako. Yau masu yawon hutu ne suka gaje shi.

A wurin hayar kwale-kwale muka yi abu uku. Muka biya haya da katin banki, don tsabar kuɗi ta kusa ɓacewa a ƙasar. Muka sayi katin kula da muhalli, wanda ake biya kan kowane mutum kowace rana in za a yi amfani da zangunan da aka tanada a gaɓar tafkunan, su kusan ɗari, kowanne da rumfar katako, da murhu, da itace, da bayan gida. Kuɗin shi ke biyan masu kai itacen da masu gyara. Sannan Dattijo ya sayi lasin kamun kifi ta waya, domin haƙƙin kowa bai haɗa da kifi ba. A bakin teku da manyan tafkuna biyar na ƙasar, irin su Vänern da Vättern, ana jefa ƙugiya kyauta, amma a nan sai da lasin.

Aka ba mu kwale-kwale biyu, da filafilan tuƙi, da rigunan ceto, da shuɗɗan gangunan roba masu murfi da ruwa ba ya shiga. Matar da ke ba da hayar ta shimfiɗa taswira ta zagaye zanguna da biro, ta nuna mana tsibiran da aka hana sauka saboda tsuntsaye na ƙyanƙyasa, masu alamar ja da rawaya. Ta dube ni ta ja igiyar rigata har sai da na ji ta kama haƙarƙarina, ta kama kafaɗun rigar ta ɗaga, ta ga ba ta zame ta rufe mini kunne ba, sannan ta sake ni.

Lodi ma da tsarinsa. Kaya masu nauyi a ƙasa, a tsakiya, a ɗaure da igiya. Wajen shiga ka sunkuya, ka riƙe gefe biyu, ka sa ƙafa a tsakiya daidai. Aka sa ni a gaba, Dattijo a baya, don na baya shi ke riƙe da akala, na gaba ƙarfi kawai ake nema a wurinsa. Minti ashirin na farko ina ta sarar ruwa da hannu zalla, kafaɗuna suka fara zafi. Dattijo ya ce in miƙe hannuwa, in juya ƙugu da ƙirji gaba ɗaya, in tsoma filafilin kusa da jikin jirgi in fitar da shi idan ya zo daidai cinyata. Da na gwada sai jirgin ya daina karkarwa, ya fara zamewa. Ba mu taɓa yin nisa da gaɓa ba. Ya ce ƙa'idarsa ita ce kada ya wuce inda zai iya jan jirgi zuwa tudu in ya kife, balle yau da yake ɗauke da wanda bai iya iyo ba.

Na daɗe ban ji shiru irin na wannan yammacin ba. Babu mota, babu inji, sai ɗigar ruwa daga filafili da muryar jikan daga ɗaya jirgin yana ƙirga tsuntsaye. Ruwan garau yake, kana hango duwatsun ƙasa, sai can ya koma baƙi wuluk, ka san zurfi ya fara.

Wajen ƙarfe shida muka yada zango na farko, a ɗaya daga cikin wuraren da matar ta zagaye. Mun tarar da wasu mata da miji daga Jamus da 'ya'yansu biyu sun riga mu. Na ɗauka za mu wuce ne, amma zangon ba na wanda ya fara zuwa ba ne shi kaɗai. Suka matsa da tukwanensu, muka gaisa, aka raba murhu.

Dattijo ya bar mini kafa tantinmu ni da Yaya, yana tsaye yana kallo. Na zaɓi wani wuri mai laushi a kwari, ya girgiza kai, ya ce in aka yi ruwa nan zai taru. Na koma wani, ya nuna mini sama: busasshen itace ne a karkace daidai kanmu. Na uku ya yi, bayan mun duba babu shurin tururuwa kusa. Na durƙusa na tsince tsakuwa da busassun 'ya'yan itace da hannu, na kwanta a ƙasa don in ji inda ya gangara, na sa kai ya kalli tudu, ƙofa ta ba iska baya. Turaku ne suka ba ni wuya. Ƙasar wurin ba ta wuce kaurin tafin hannu ba, ƙarƙashinta dutse ne, turke biyu suka lanƙwashe. Jikan ya zo bai ce komai ba, ya ɗaura igiyar a jikin ɗan sanda, ya kwantar a ƙasa, ya ɗora babban dutse a kai. Haka na yi wa sauran, tantin ya tsaya cak, ya yi tauri kamar fatar ganga.

Abincin daren dankali ne da ɗanyen ganye mai ƙamshi da suke kira dill, da tsiran kaza da Yaya ya sayo, da busasshen burodi mai ƙaras-ƙaras, knäckebröd, ana matsa masa cuku daga bututu kamar man goge haƙori. Ruwan sha daga tafki muka ɗebo muka tafasa. Wanke-wanke kuma ba a yin sa a cikin tafki. Ana ɗebo ruwa a bokiti, a hau tudu, a wanke, a zubar a ƙasa don sabulu ya tsaya a can.

Rana ba ta faɗi ba sai wajen goma. Ko bayan ta faɗi duhu bai zo ba, arewa ta ci gaba da haske ja-ja, har sha biyun dare ina ganin layukan tafin hannuna. Shafaƙi ba ya ɓacewa a wannan lokacin, don haka jadawalin masallacin Göteborg da ke wayar Yaya muka bi. Muka yi alwala da ruwan tafki mai sanyi, muka fuskanci kudu maso gabas a kan falalen dutse, mu uku. Da muka sallame na ga Dattijo ya ja yaran can ƙarshen gaɓa suna jifan ruwa da tsakuwa, ba wanda ya roƙe shi. Barci ya yi mini wuya. Can cikin dare wani tsuntsun ruwa da suke kira storlom ya yi kuka mai tsawo kamar mutum yana kira daga nesa, tsigar jikina ta tashi. Kafin huɗu da rabi rana ta fito, tantin ya ɗau zafi.

Rana ta biyu muka ƙara gaba, muka hango jirgin fito mai launin rawaya da ke tsallakar da motoci a kusa da Nössemark, kyauta, sannan muka fara neman wurin kwana na kanmu, ba zangon da aka tanada ba. Wuri biyu muka bari. Na farko akwai jan gida na katako a bayan itatuwa, da ɗan dandamalin ɗaure jirgi. Ba kowa a ciki, amma Dattijo ya ce mai gida ba ya nan ba ya nufin haƙƙinsa ba ya nan. Na biyu shaho mai kamun kifi ne ya tashi daga sheƙarsa yana kewaya mu yana kuka, muka juya nan take. Na uku wani ɗan tsibiri ne mai falalen dutse da ya gangaro har cikin ruwa, samul kamar an goge.

A nan na yi kuskuren da har yau nake tunawa. Sauran sun tafi jawo jirage, ni kuma na so in yi wani abu da hannuna. Na tattaro busassun ƙirare daga ƙasa, na jera duwatsu da'ira a kan falalen, don a ganina babu inda ya fi dutse aminci ga wuta: ba ciyawa, ba saiwa, ga ruwa kusa. Na ƙyasta ashana ke nan na ji Dattijo ya kira ni da murya mai ƙarfi, karo na farko da na ji ya ɗaga ta. Na hure ashanar. Ya zo ya kama hannuna ya kai ni ɗaya gefen tsibirin, ya nuna mini wani baƙin tabo mai faɗin faranti. Dutsen ya tsage gida uku, samansa ya ɓare kamar ɓawon ƙwai. Ya ce ƙanƙara ce ta goge wannan dutse, ta narke ta bar shi haka fiye da shekara dubu goma, wani ya zo ya dafa shayi dare ɗaya. Zafi yana sa saman dutse ya buɗe, cikinsa na nan da sanyi, sai ya fashe, kuma ba ya warkewa. Na durƙusa na sa yatsa a cikin tsagar, gefenta da kaifi. Kunya ta kama ni sosai. Na ce ya yi haƙuri. Ya ce ba shi na yi wa laifi ba, kuma ban riga na yi ba.

Ya ce ko a ƙasa ma ba zai kunna wuta a nan ba, don gansakuka da saiwoyi suna riƙe garwashi a ƙarƙashi kwana da kwanaki, mutum ya tafi yana zaton ya kashe. Ya ciro waya ya nuna mini manhajar Brandrisk Ute, wadda ke nuna haɗarin gobara na kowane yanki, ya ce in hukuma ta sa dokar hana wuta, ko a murhun zango ba a kunnawa. Sai ya ba mu labarin bazarar 2018, lokacin da fari ya kama ƙasar, daji kusan hekta 25,000 ya ƙone, har Italiya da Faransa suka turo jiragen kashe gobara, Poland ta turo jerin gwanon motoci, mutane suka fito bakin titi suna ɗaga musu hannu. A wannan daren a kan ɗan risho na Trangia muka yi girki, mai amfani da sifirit, wanda ake ƙerawa a Jämtland. Na mayar da duwatsun da na jera inda na ɗauko su, ɗaya bayan ɗaya, gefen da ke da laima yana kallon ƙasa.

Tsibirin babu bayan gida. Akwai ƙaramin shebur a cikin kaya. Ka yi nisa da ruwa da wurin kwana, ka haƙa rami, ka rufe, ka mayar da gansakukar samansa. Takarda kuma a leda take dawowa tare da shara.

Asabar iska ta taso daga kudu tun da hantsi. Tafkin dogo ne kuma siriri, iska tana bin tsawonsa tana tara igiyar ruwa, kafin azahar farar kumfa ta rufe ko'ina. Dattijo ya tsaya ya dubi ruwan, ya dube ni, ya ce yau ba tafiya. Dare biyu a wuri ɗaya bai saɓa wa ƙa'ida ba. Na san saboda ni ne, na ce kada in ɓata musu shiri. Yaya ya ce, "Malam, shirin ke nan. Ba wanda ke jiranmu a ko'ina."

Wannan ranar da ba mu je ko'ina ba ita ce ta fi zauna mini a rai. Da safe jikan ya kai ni tsintar blåbär, wasu ƙananan 'ya'yan itace shuɗɗa da suka fara nuna a ƙarƙashin itatuwa. Muka cika kofi biyu, yatsunmu da harsunanmu suka rine, aka zuba a kunun alkamar oat. Dattijo ya kama kifi uku masu ratsin baƙi da jan ƙaya, abborre, ya koya wa ɗan Siriya yadda ake feɗe su. Sau biyu aka yi fika, wato a ajiye komai a zauna a sha gahawa da ɗan abin taɓawa. Gahawar a buta ake tafasa ta da garinta, a sauke, a jira ya kwanta. Na lura Dattijo yana iya zama rabin sa'a kusa da kai bai ce uffan ba. Ranar farko na ɗauka fushi yake. Zuwa Asabar ni ma na iya, har na gane zaman shi ne hirar.

Da yamma ina canza riga Yaya ya hango kaska a bayan gwiwata, ƙarama kamar ƙwayar riɗi. Ɗan Siriya ya ɗauko hantsaki, ya kama ta dab da fata, ya ja a miƙe a hankali, ba murɗawa, ba shafa mai. Ya goge wurin, ya zagaye shi da biro, ya ce in sa ido makonni masu zuwa: in na ga jan zobe yana faɗaɗa, in nemi likita, alamar cutar borrelia ce kuma tana jin magani. Akwai wata cutar kaskar mai taɓa ƙwaƙwalwa, TBE, wadda ake yi wa rigakafi, su duka sun yi. Ya sa na adana lamba biyu a waya, 1177 don shawarar lafiya, 112 don gaggawa. Daga ranar kowa sai ya duba jikinsa kafin ya kwanta.

Iska ta kwanta wajen tara, sauro ya fito, muka ja huluna muka zauna a kan falalen muna kallon yamma. Ban san yadda hirar ta gangara can ba. Ɗan Siriya ne ya fara. Ya ce a 2015 ya shigo, shekarar da mutum kusan 163,000 suka nemi mafaka a Suwidin. Ya ce a hanya ya kwana a tanti, ya kwana a gona, ya kwana a gefen titin jirgi, kuma ya rantse ba zai sake kwanciya a ƙasa ba muddin yana da rufi. Shekara shida Dattijo yana gayyatarsa yana ƙi. Daren farko da ya yarda ya zo, bai runtsa ba, yana zaune a ƙofar tanti takalmi a ƙafa, yana jiran wanda zai zo da fitila ya ce su tashi. Gari ya waye ba wanda ya zo. Ya ce tun daga nan bazara ba ta wuce shi.

Muka yi shiru. Sai Yaya ya juyo gare ni ya yi magana da Hausa, a hankali. Ya ce, "Ƙanena, kai yanzu kake ganin ƙasar nan. Ka zo a Disamba, rana na faɗuwa uku da rabi." Ya ce hunturunsa na farko a nan ne aka yi masa rasuwar mahaifi, bai samu zuwa ba, ya yi makoki shi kaɗai a ɗaki ɗaya, ya fita da duhu ya dawo da duhu. Shekara goma sha ɗaya muna waya kusan kowane mako, bai taɓa gaya mini wannan ba. Kullum "lafiya lau" nake ji. Na ce, "Yaya, me ya hana ka faɗa?" Ya ce a waya ba a faɗin irin wannan. Na kama hannunsa, muka yi wa mahaifin addu'a. Dattijo bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya tashi ya sake ɗora buta.

Lahadi ruwa ya kwanta lumus. Kafin mu bar tsibirin aka yi abin da Dattijo ke kira zagayen ƙarshe. Bayan an gama lodi, jirage na kan ruwa, kowa ya dawo tudu hannu wofi, muka jeru muka taka wurin daga wannan gefe zuwa wancan, ido a ƙasa. Na tsinci zaren jakar shayi. Jikan ya tsinci turke ɗaya da murfin kwalba mai tsatsa wanda ba namu ba, ya sa a aljihu. Duwatsun da muka danne igiyoyi da su aka mayar. Inda tantinmu ya kwana biyu ciyawa ta kwanta, siffarsa ta fito a ƙasa. Na durƙusa na riƙa tayar da ita da yatsu, kamar mai taje gashi. Mai wannan tsibiri ban san sunansa ba, bai san na zo ba, na kwana biyu a filinsa, na sha ruwansa, na ci 'ya'yan itacensa. Da muka tura jirgi na waiwaya, ban iya nuna daidai inda muka kwana ba.

Daren ƙarshe a zango mai murhu muka yi, manhajar ta nuna babu hani, aka hura wuta da itacen da aka tanada. Jikan ya kwaɓa fulawa ya naɗe a kan sanda ya gasa mana burodi, nawa ya ƙone gefe ɗaya, na cinye. Kafin mu kwanta Dattijo ya miƙo mini bokiti. Na zuba ruwa, na juya tokar da sanda, na sake zubawa, har sai da na iya sa tafin hannuna a ciki na ji sanyi.

Litinin da azahar muka isa Ed. Muka wanke jiragen ciki da waje, muka rarraba shara, gwangwani daban, leda daban, kwalba daban. A hanyar tasha akwai ɗan teburi a bakin wani gida, an jera kwandunan strawberry, ba mai saye ba mai sayarwa, sai takarda da aka rubuta farashi da lambar Swish, manhajar biyan kuɗi ta waya. Manhajar sai mai asusun banki a ƙasar, don haka Yaya ne ya biya, muka ɗauki kwando ɗaya muka ci a dandamalin jirgi. Dattijo da jikansa a Trollhättan suka sauka. Ya ba ni hannu, ya ce baɗi in na dawo ni zan zauna a baya in riƙe akala, amma sai na koyi iyo tukuna. Na yi masa alkawari.

Da daddare muka shanya tantin a barandar Yaya, don in aka naɗe shi da laima sai ya yi fumfuna. Da na kakkaɓe shi, siraran ganyaye masu kama da allura suka zubo, da 'yar tururuwa ɗaya da ta biyo mu tun daga tafki. Yaya ya kawo tsintsiya, na karɓa na share.